Shekara tara ana goranta wa matata, ashe ciwon a jikina yake

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma a cikin birnin Kano aka haife ni a 1986. Na sakaya sunana ne saboda akwai mata biyu a labarin nan da ba su ci ba, ba su sha ba, bai kamata a riƙa nuna su da baki a gidan biki ba. Uwargidana ta san da wannan rubutu. Ita ce ma ta ce in yi, kuma ta ce kada in rage komai.

Zan fara daga inda ya fi yi mini nauyi. A 2010, ina da shekara 24, maigidana ya fara tura ni Legas da Kwatano sarin kaya. Ga ƙuruciya, ga kuɗi a aljihu, babu idon uwa babu na uba, ga abokai da idonsu ya riga nawa buɗewa. Na faɗa saɓon Allah. Ban daɗe a ciki ba na tuba, kuma har gobe ina roƙon Allah Ya karɓa. Sai dai na dawo Kano da abin da ban san na ɗauko ba.

Kamar mako biyu zuwa uku da dawowata na fara jin ɗan zafi-zafi in zan yi fitsarin asuba. Ba zafin da zai sa mutum ya yi ƙara ba, ɗan raɗaɗi ne kawai. Da safe kuma sai in ga ɗigon wani ruwa fari-fari ya ɓata mini gajeren wando. Na je kemis ɗin bayan layinmu da daddare, na jira mutane suka watse, na yi ƙasa da murya na faɗa wa mai shagon. Bai ko ɗago kai sosai ba ya ce, “Sanyi ne. Nawa ne a hannunka?” Ya ƙirgo mini kafso ja da baƙi guda shida daidai kuɗina, ya ƙulle a ’yar leda. Na sha na kwana biyu. Zafin ya lafa, ruwan ya ɗauke, na ce alhamdu lillahi an rabu da Bukar.

Bayan kamar wata biyu, ɗan marainana na hagu ya kumbura. Ya yi ja, ya yi zafi, ya yi nauyi kamar an rataya mini dutse, ga zazzaɓi. Tafiya sai na ware ƙafa. A kasuwa na ce faɗuwa na yi a babur. Wani dattijo maƙwabcin shagonmu da na faɗa wa rabin gaskiya ya ce basir ne ya sauko, ya haɗa ni da mai maganin gargajiya, aka cika mini gora da jiƙo mai ɗaci. Na koma kemis aka yi mini allura biyu. Sai da na yi kusan mako uku kafin kumburin ya saɓe. Ya bar mini wani ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar wake a bayan ɗan marainan. In na taɓa ba ya ciwo, don haka na manta da shi.

A 2012 na yi aure. Yarinya ce ’yar shekara 19, ’yar gidan malamai, daga ɗakin uwarta sai makarantar Islamiyya sai ɗakina. Kafin ɗaurin aure mun yi gwajin ƙanjamau da na jinsin jini, takarda ta fito lafiya lau, na ninke ta na sa a aljihu ina ganin an wanke ni daga komai. Ban san cewa gwaji abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa ba.

Shekara na zagayowa ta yi ɓatan wata. Ba zan manta murnar Hajiyata ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ko kallona sosai ba ta yi a gaban mutane, amma ranar sai da ta aiko da dambun nama da zuma. Ita kuwa matata har ta fara sayen ’yan riguna da safa tana ɓoyewa a ƙasan akwati.

Cikin bai kai wata biyu ba, wani dare ta tashe ni tana riƙe da mararta ta dama. Kafin in kunna fitila ta jiƙe sharkaf da zufa, tana cewa har kafaɗarta take jin ciwon. Ta miƙe za ta shiga banɗaki ta yanke jiki ta faɗi. Maƙwabcinmu ne ya kai mu asibiti a motarsa. Aka ce cikin ba a mahaifa ya zauna ba, a bututun da ƙwai ke bi ya maƙale, bututun ya fashe, jini na zuba a cikinta. Aka shiga da ita tiyata, aka ƙara mata jini leda biyu, aka cire bututun dama.

Washegari likitar da ta yi aikin ta kira ni ofishinta. Mace ce mai kamun kai, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, abin da na gani a cikin matarka ba na jiya ba ne. Bututun ya yi tabo, kuma akwai zare-zare da suka manne har wajen hantarta, siri-siri kamar tsirkiyar garaya. Irin wannan, ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa ne ya fi kawo shi. Ku biyu za ku sha magani, kuma kada ku kusanci juna sai kun gama.” Ta rubuta takarda biyu, ɗaya tata ɗaya tawa.

Na ce, “Likita, ni fa lafiyata ƙalau.”

Ta ce, “Haka yawancinku kuke ji. Ka dai sha.”

Na sayi nata. Tawa takardar na cusa ta ƙarƙashin kujerar babur, ta zauna a nan har ruwan damina ya cinye rubutun. A raina na san abin da na yi a Legas. Amma sai na samu mafaka a maganar da mata ke yi, wai sanyin masai, na ce ai a banɗakin haya ta kwaso. Da wannan na rufe bakin zuciyata. Wannan ita ce ranar da na fi nadama a duk rayuwata, ta fi ranar saɓon kanta ciwo, domin ranar saɓo jahilci da ƙuruciya sun taya ni, wannan kuwa an faɗa mini gaskiya ƙiri-ƙiri na juya baya.

Ta warke, muka koma zamanmu, na sake mayar mata da abin da aka kashe a jikinta. A 2014 ɗan marainana na dama shi ma ya kumbura. Na sake yin kwana goma ina jiƙe-jiƙe da kafso, sai da zazzaɓi ya kayar da ni a shago aka ɗauke ni zuwa asibiti. A nan aka yi mini allura, aka ba ni doksisaikilin na mako biyu, likitan kuma ya ƙi sallamata sai da aka zo da matata ita ma aka ba ta. Wannan karon na shanye tas. Ƙwayar cutar ta mutu a lokacin. Abin da ta riga ta ɓata kuwa, babu wanda ya duba, ni ma ban tambaya ba.

Daga nan shekaru suka fara tafiya shiru. Shekara ɗaya, biyu, uku, ko ɓatan wata babu. Kowa ya san an yi mata tiyata an cire wani abu, don haka ba a ma tsaya neman mai laifi ba. Aka bar jaki aka kama dukan taiki.

Babu abin da matar nan ba ta sha ba. Rubutu a galan, sassaƙe-sassaƙe, garin magani a kunu, hayaƙi har idonta ya yi ja. Wata gwaggona ta ce namijin dare ne, aka kai ta ruƙiyya sau ba adadi, ta dawo muryarta a dishe. A wani asibitin kuɗi aka yi mata wankin mahaifa ba tare da wani dalili ba. Aka yi mata hoton nan da ake tura ruwa ta mahaifa a ga ko bututu a buɗe yake, ta fito tana dafa bango don azaba, hoton ya nuna na hagun a buɗe yake. Sau uku tana kawo mini takardar gwajin maniyyi daga likitoci daban-daban. Ta kan bari sai na ci abinci na natsu, ta durƙusa a gefena ta ce, “Maigida, sun ce wai ko za ka daure ka je.” Amsata ɗaya ce kullum: “Ba na taɓa yi miki ciki ba? Me kuma za a gwada?”

Kuma har ga Allah na yarda da hakan, ko in ce na so in yarda. Ƙarfina na namiji bai ragu ba, abin da ke fita yana fita yadda ya saba. A wajenmu maza, wannan shi ne hujja. A majalisa in an taɓo rashin haihuwa, hirar mata ake yi. Namiji sai dai a yi masa tallan maganin ƙarfi.

Sa’anninta duk sun zama Maman wane da Maman wance, ita har ta shekara shida ana ce mata Amarya. A gidan suna ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai rabon abinci, ita ce mai ɗaukar jaririn wata ta yi masa wasa, sannan ta dawo gida ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo. Wata rana a gidanmu na ji da kunnena wata ’yar uwata ta ce, “Wasu dai sai a ci a cika masai.” Matata na tsugune tana tankaɗe. Hannunta ya tsaya cak, sannan ta ci gaba. Ina tsaye a zaure, na ji, kuma na saka takalmina na fita. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidana ni na ja, ita ya doka.

A 2018 Hajiya ta ce haƙurin ya isa, in ƙara aure. Ita ta zaɓo yarinyar, kuma abin da ta duba shi ne uwar yarinyar ta haifi goma sha ɗaya. Uwargidana ce ta zauna ta jera kayan lefen da hannunta, ta ce wannan leshin ya fi wancan. Amarya ta tare, yarinya mai ladabi da fara’a. Shekara ɗaya shiru, biyu shiru. Maimakon a juyo a kalle ni, sai magana ta canza salo: wai uwargida ce ta ɗaure wa amarya mahaifa. Aka fara ƙin cin abincinta. Aka haƙa tsakar gidana ana neman layar da aka binne. Matar da ko sallar dare ba ta wuce ta, aka mayar da ita mai bin bokaye.

Wanda ya karya wannan abu wani likitan mata ne da amarya ta je wajensa a 2021. Ya gama duba ta, ya ce ba ta da matsalar komai, ya ce a kira mijin. Da na shiga ya ce, “Alhaji, mata biyu, shekara tara. Ba zan sake rubuta wa ɗayarsu ko farasitamol ba sai na ga takardarka. Gwajin mace akwai wahala da tsada da ciwo. Naka kwalba ɗaya ce.” Amarya na zaune tana kallon ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na karɓi takardar.

Aka ce in ƙaurace wa iyali kwana uku, kada ya gaza biyu, kada ya wuce bakwai. Aka ba ni ’yar kwalbar roba mai jan murfi, aka ce in kawo cikin awa ɗaya, kada ta yi sanyi kada rana ta buge ta. Na sako ta a aljihun gaban riga, na ɗora babbar riga a kai, ina tafe ina waige kada in haɗu da wanda na sani. Da yamma na karɓi sakamako. A gefe guda an rubuta abin da ake so a gani: aƙalla ƙwayoyin haihuwa miliyan 15 a kowace mililita. A gefen nawa an rubuta 0.

Na ce kuskure ne. Likitan ya ce dama ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Bayan wasu makonni na sake, a wani ɗakin gwajin daban, suka juya ruwan a inji suka duba abin da ya kwanta a ƙasa. Ko ɗaya babu.

Aka tura ni wajen likitan mafitsara da al’aurar maza. Shi ne mutumin da ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar ɗan’uwansa. Ya duba ni da hannu, yatsansa ya sauka daidai kan ƙullutun nan na hagu, ya samo irinsa a dama, ya ce, “Yaushe suka kumbura?” Ban taɓa faɗa masa sun kumbura ba. A nan na kwance masa komai tun daga Legas.

Ya ɗauki biro ya zana a bayan wata takarda. Ya ce ’ya’yan maraina su ne masaƙa, a nan ake ƙera ƙwayoyin haihuwa, kuma kowace ƙwaya tana ɗaukar kwana saba’in da ’yan kai kafin ta kammala. Daga nan sai ta shiga wani siririn bututu da ke naɗe a bayan ɗan maraina, likitoci na ce masa efididimis. Ya ce in da za a warware shi zai kai mita shida, kusan turmin atamfa guda ke nan da ɗoriya, amma hanyar cikinsa ɗaya ce tak, siririya kamar zare. A ciki ƙwayoyin ke nuna su koyi iyo. Ƙwayar cutar da ake kira kilamidiya, wadda sunanta na likita Chlamydia trachomatis, tana shiga ta hanyar fitsari, in ba a kashe ta ba sai ta bi bututu ta gangara har can. Kumburin da na yi, yaƙin da jiki ya yi da ita ne. Yaƙin ya ƙare ya bar tabo, tabon ya toshe hanya. Na hagu ya toshe a 2010, na dama ya ci gaba da aiki, shi ya sa na yi ciki a 2013. A 2014 shi ma ya rufe.

Na ce, “To likita, ruwan da nake gani fa?”

Ya ce mafi yawan ruwan maniyyi ba daga maraina yake zuwa ba, wasu jakunkuna ne a bayan mafitsara da kuma ƙullin da ke ƙarƙashinta ke samar da shi, kuma suna gaba da inda ya toshe. Ƙwayoyin haihuwa ɗan kaso ne ƙanƙani a ciki, ido ba ya gane akwai su ko babu. Sha’awa da ƙarfi kuma sinadarin da ke bi ta jini ne ke riƙe da su, toshewar bututu ba ta taɓa shi. Mutum zai iya zama da mata huɗu, kowacce ta shaide shi, alhali ba ya fitar da ƙwaya ko ɗaya.

Gwajin jini ya nuna sinadaran da ke umartar maraina su yi aiki suna nan daidai, girman marainan ma daidai. Gwajin fitsari na PCR, wanda ake yi da farkon fitsarin da ya fito, bai ga ƙwayar cutar ba. Amma gwajin jini ya nuna sawunta a jikina da jikin uwargidana, amarya kuwa babu. Likitan ya ce ɓarawon ya daɗe da fita, ɓarnar ce ya bari, kuma babu kafso ko allurar da ke narkar da tabo.

Na tambaye shi yadda aka yi duk gwaje-gwajen da muka sha ba su taɓa kama ta ba. Ya ce ita wannan ƙwaya a cikin ƙwayoyin jikin mutum take rayuwa, ba ta tsirowa a farantin da ake shuka fitsari a kai a gwajin yau da kullum, sai an neme ta da sunanta. Kuma ta iya ɓuya: kusan rabin mazan da ke ɗauke da ita, da mafi yawan mata, ba sa jin komai. Ba a ɗaukarta a masai, ba a ɗaukarta a buta ko tawul, ta saduwa ake ɗauka, sai kuma jariri da kan shafa wajen haihuwa ta kama masa ido ko huhu. Maganinta kuwa, abin da ya sa na yi shiru na daɗe ban ce komai ba, doksisaikilin ne safe da yamma na kwana bakwai, ko azitromaisin sha ɗaya ga mai ciki, a ba miji a ba mata lokaci guda, a haƙura da juna mako guda, a sake gwaji bayan wata uku. Kafso ja da baƙin da na sha ba maganinta ba ne. Kwana bakwai. Kuɗinsa bai kai na yadi biyu na shaddar da nake yankawa kullum ba.

Mutumin nan bai tsorata ni da abin da ba haka ba. Ya ce yawancin mazan da suka kamu ba sa rasa haihuwa, waɗanda abin ke gangara wa maraina kaɗan ne, waɗanda duka ɓangarorin biyu ke toshewa sun fi kaɗan. Ya ce akwai binciken da ya ga tana rage wa ƙwayoyin haihuwa gudu da lafiya ko da hanya ba ta toshe ba, akwai kuma wanda bai ga hakan ba, amma ɓarnarta a bututun mata babu jayayya a kai. Sau da yawa kuma tare take tafiya da ɗaya ciwon sanyin mai fitar da mugunya, shi ya sa ake haɗa allura da ƙwaya in maraina sun kumbura. Har ya ce mini danginta ne ke kawo amosanin ido, sai dai wani iri ne daban da ke bin ƙuda da hannu da ƙazantar fuska. Na tuna kakata a ƙauye da matsefata rataye a wuya tana cire gashin idon da ya juya ciki.

Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 129 ’yan shekara 15 zuwa 49 ne suka kamu da ita a 2020 kaɗai, kuma a 2023 ta ce mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa. Likitoci kuma sun daɗe suna cewa a kusan rabin ma’auratan da ke nema, akwai hannun namiji a matsalar. Duk da haka je ka layin asibitin haihuwa ka ƙirga mazan da ke zaune. Na ji daɗi da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, amma ina so samari su sani takardar ƙanjamau da ciwon hanta da jinsin jini ba ta ce komai a kan wannan ba. Wanda ya san ya taɓa taka sawun da na taka, shi zai buɗe baki ya nemi a gwada shi.

Na yi kwana huɗu da takardar a aljihu. A na biyar, bayan isha’i, na shiga ɗakin uwargidana, ba ma ranar girkinta ba ce. Na zauna a ƙasa. Ban taɓa zama a ƙasa tana kan gado ba, sai ta zamo ita ma. Na faɗa mata duka: Legas, kemis, takardar da na cusa a babur, bututunta da aka cire, cikin da ta rasa. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon tabarma, sannan ta ce, “Ranar da aka haƙa tsakar gida, ka san ban yi ba?” Na ce na sani. Ta ce, “Shi ne ya fi yi mini ciwo, ba bututun ba.” Ta yi kuka irin wanda ban taɓa ji ba, ba da ƙarfi ba, kamar abin da aka daɗe da dannewa. Ba ta ce ta yafe ba a daren. Sai da aka yi kusan wata biyu, wata asuba bayan ta shafa addu’a, ta faɗa ba tare da ta juyo ba.

Amarya na faɗa mata washegari, na ce tana da ƙuruciya, lafiyarta ƙalau, ba zan riƙe ta da ƙarya ba, zaɓi na hannunta. Ta je gida ta yi shawara, ta dawo ta nemi in sawwaƙe mata. Na ba ta takarda da kayanta da abin da ya sawwaƙa, muka rabu ba faɗa. Ta yi aure, yanzu tana goyon na biyu. Wallahi ina yi mata murna.

Hajiya ce ta fi wuya. Yaya ɗan fari zai zauna gaban uwar da ko sunansa ba ta faɗa ya yi mata zancen maraina? Na ce wa ƙanenta, kawuna, ya raka ni. Na ce, “Hajiya, likita ya gama bincike. Matsalar tawa ce, kuma ni na jawo ta, ni kuma na cuci yarinyar nan.” Ta ce a bar zancen, asiri aka yi mini. Na ce ba asiri ba ne, na ajiye mata takardun, Kawu ya karanta mata. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Har muka tashi ba ta ce uffan ba.

Maganar magani kuwa, hanya biyu aka nuna mana. Ko a yi mini tiyata da madubin ƙara girma a tsallake inda ya toshe a haɗa bututun, ko a zuƙo ƙwayoyin da allura daga bayan toshewar a haɗa da ƙwan matata a ɗakin gwaji. Saboda bututunta ɗaya ne kuma ta taɓa yin ciki a wajen mahaifa, aka ba mu shawarar ta biyu. Ana ce wa dabarar ICSI: ƙwayar namiji ɗaya tak ake ɗauka a soka ta cikin ƙwan mace, kuma a Beljiyam aka fara haihuwa ta wannan hanya a 1992. Ban taka ba sai da na tambayi malamina. Ya ce majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a kan haɗa maniyyi da ƙwai a ɗakin gwaji a birnin Amman tun a 1986, ta halatta muddin maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, a mahaifarta za a mayar, kuma auren na nan. Na wani ko na wata, haramun ne.

Na sayar da filina a 2023 muka tafi Abuja. Ranar da aka zuƙo nawa, bayan an gama, ma’aikacin ɗakin gwajin ya kira ni ya juyo mini da allon na’urarsa. Wasu ’yan abubuwa ne masu jela, wasu kwance, wasu suna motsi a hankali. Ya ce, “Ga su nan, Alhaji. Suna nan da ransu.” Shekara tara suna nan a bayan ƙofa. Na riƙe bakin tebur don ƙafata ta ƙi ɗaukata.

Ita ta sha allurai kullum a ciki har fatar ta yi tabo-tabo. Aka mayar mata da guda biyu daga ƙwayayen da aka haɗa cikin mahaifa. Muka yi mako biyu muna jira, ko tsintsiya ban bari ta ɗauka ba. Gwajin jini ya fito babu. A mota muna dawowa, wajen Zariya, ni ne na kasa riƙe kaina, ita ce take cewa, “Maigida, ka yi haƙuri, Mai bayarwa bai gaji ba.”

Akwai sauran biyu da aka daskarar mana, suna can. Tun lokacin nake tara kuɗin komawa, kasuwa kuma kowa ya san yadda take. Watan jiya da yamma na dawo na tarar da takalmin Hajiya a ƙofar ɗakin uwargidana. Rabonta da shiga ɗakin nan tun ranar da aka haƙa tsakar gida. Na tsaya daga waje. Ta kwance bakin zaninta ta fito da sarƙa da ’yan kunnen zinarin da ta sayo a Makka, waɗanda ta ce ko a lefen autarta ba za a taɓa su ba, ta ɗora a cinyar matata. Na ji ta ce, “’Yar nan, ki yafe mini. Ku sayar ku koma wajen likitan.”

Mun kira asibitin. Sun ba mu rana bayan Babbar Sallah.